Bette Davis ta faɗi, Olivia de Havilland ta ci: me ya bambanta shari'o'in biyu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibar koyon aikin lauya ce, ina aji biyu a jami'a. A darasin dokar kwantiragi malaminmu ya kawo mana shari'ar kamfanin Warner Brothers da wata Misis Nelson, wadda aka yi a Landan a 1936. Ya ce Nelson ɗin nan ita ce Bette Davis, shahararriyar 'yar fim, kuma kaye ta sha. Yana gab da fita sai ya ƙara da cewa bayan wasu shekaru wata 'yar fim ta sake maka kamfanin a kotu a Amurka, ita kuma ta yi nasara, amma lokaci ya ƙure bai faɗi sunanta ba. Wace ce ita? Kuma yaya aka yi ga kamfani ɗaya, ga kwantiragi iri ɗaya, amma ɗaya ta faɗi ɗaya ta ci? Allah ya ƙara basira.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, amin, tare da ke. Matar da malaminku yake nufi ita ce Olivia de Havilland. Na ji daɗin tambayar nan ƙwarai, domin yawancin waɗanda suka san sunanta sun san ta ne da abu biyu kawai: matar nan mai sanyin hali ta cikin fim ɗin Gone with the Wind, sai kuma gabar da ke tsakaninta da ƙanwarta. Ni kuwa a wajena babban abin da ta bari shi ne wannan shari'a da kike tambaya a kai.

Kafin mu shiga kotu sai kin ga irin takardar da suka sa wa hannu, in ba haka ba faɗan ba zai yi miki ma'ana ba.

A shekarun 1930 da 1940 manyan kamfanonin Hollywood, irin su MGM da Paramount da Warner da Fox da RKO, su ke da filin ɗaukar fim, su ke rarraba shi, kuma su ke da gidajen siniman da ake nuna shi a manyan birane. Ɗan wasa ma'aikaci ne mai albashin mako. Kwantiragin da aka saba na shekara 7 ne, amma ƙafa ɗaya kawai yake ɗaurewa. Duk bayan wata shida ko shekara kamfani na da zaɓi, ya ci gaba da kai ko ya sallame ka. Kai ba ka da wannan zaɓin. Kamfani ne zai ce ga fim ɗin da za ka yi, ga kamannin da za ka fito da su, wani lokaci har sunan da za ka amsa. Yana iya ba da kai aro ga wani kamfani, kamar yadda kulob yake ba da ɗan ƙwallo aro, ya karɓi kuɗi masu yawa ya ba ka albashinka na kullum, ragowar ta shiga aljihunsa.

Sai kuma babban makamin, wato dakatarwa. Idan aka ba ka fim ka ce ba ka yi, za a tsayar da albashinka har wanda aka sa a madadinka ya gama. Wannan kam mutum zai iya cewa adalci ne, ba aiki ba biya. Amma ba a nan ya tsaya ba. Makonnin da ka yi a dakace za a tattara su a liƙa a ƙarshen kwantiraginka. Agogon shekara 7 ɗin yana tsayawa ke nan duk ranar da ka yi gardama. Mai yawan cewa a'a sai ya wayi gari shekara 7 ta zama 8, ta zama 9, kuma kin san ƙuruciyar 'yar fim ba ta jiran kowa. Riƙe wannan batu na agogo da kyau, shi ne gaba ɗayan shari'ar Olivia.

To, Bette Davis. A 1936 ta riga ta ci kyautar Oscar, amma Jack Warner, mai gudanar da kamfanin, ya ci gaba da ba ta finafinan da take ganin sun yi mata kaɗan. Ta ƙi, aka dakatar da ita, sai ta tsallaka Ingila da nufin yin fim da wani furodusa mai suna Ludovico Toeplitz. Kamfanin ya bi ta har can ya kai ƙara. Sunan mijinta na lokacin Harmon Nelson, shi ya sa kuka gan ta a matsayin Misis Nelson. Lura da abu biyu: kamfani ne mai ƙara, kuma kwantiraginta bai ƙare ba, da sauran shekaru. Ɓangaren Davis ya siffanta kwantiragin da bauta. Lauyan kamfanin, Sir Patrick Hastings, ya mayar da kalmar abin dariya a gaban kotu, yana ta nanata yawan albashinta na mako. Mai shari'a Branson ya bi tsohuwar ƙa'idar da na tabbata an koya muku, ta shari'ar Lumley da Wagner ta 1852: kotu ba za ta tilasta wa mutum ya yi wa wani aiki da jikinsa ba, amma za ta iya hana shi karya alƙawarin da ya yi cewa ba zai yi wa wani daban irin wannan aikin ba, muddin hanin bai bar shi tsakanin komawa da mutuwa da yunwa ba. Alƙalin ya ce Davis mace ce mai basira, za ta iya neman abinci ta wata hanya. Ya hana ta yi wa kowa fim a Ingila har shekara 3 ko ƙarshen kwantiragin, duk wanda ya riga zuwa. Ta koma gida da bashin lauyoyi. Abin da ta samu shi ne Jack Warner ya fara ba ta finafinai masu nauyi, har ta sake cin Oscar da fim ɗin 1938, amma takardar tana nan yadda take, ba a goge ko harafi ba.

Ita Olivia a lokacin tana da shekara 20, tana cikin kamfanin, tana kallo.

An haife ta a birnin Tokiyo na Japan ranar 1 ga Yuli, 1916. Iyayenta Turawan Ingila ne. Mahaifinta Walter lauya ne mai kula da rajistar ƙirƙire-ƙirƙire, mahaifiyarta Lilian kuma ta koyi wasan kwaikwayo a Landan. Bayan wata 15 aka haifi ƙanwarta Joan. A 1919 uwar ta kawo su Kalifoniya suka zauna a wani ƙaramin gari mai suna Saratoga, uban ya koma Japan, auren ya mutu. Mijin da uwar ta aura daga baya, George Fontaine, mutum ne mai tsanani. Da Olivia ta samu gurbi a wasan kwaikwayon makaranta ya ce ta zaɓa, ko wasan ko gidansa. Yarinya 'yar sakandare ta kwashe kayanta ta koma gidan wasu abokan arziki, ta yi wasanta. Duk wanda ya san wannan labari ba zai yi mamakin abin da ya faru a 1943 ba.

Burinta ta zama malamar makaranta, har ta samu tallafin karatu a kwalejin Mills. Sai a 1934 babban daraktan dandamalin nan Max Reinhardt ya zo shirya wani wasan Shakespeare a filin Hollywood Bowl. An ɗauke ta ne a matsayin 'yar jiran ko-ta-kwana, sai matan biyu da ke gabanta duk suka janye ana saura kwanaki, ta hau dandamali. Da Warner suka mayar da wasan fim suka ɗauke ta, ta sa hannu a Nuwamban 1934 a kan dala 200 a mako. A 1935 aka haɗa ta da wani baƙon saurayi ɗan Ostareliya, Errol Flynn, a fim ɗin Captain Blood. Jama'a suka so haɗin, kamfani ya ga kasuwa, suka yi finafinai 8 tare, mafi shahara shi ne na Robin Hood a 1938. A 1936 aka sake rubuta mata kwantiragi na shekara 7 a kan dala 500 a mako. Wannan ita ce takardar da za ta je kotu.

Matsalarta ita ce a mafi yawan finafinan nan aikinta shi ne ta yi ado, ta tsaya, jarumi ya zo ya cece ta. Ta san ta fi haka. Da ta ji David Selznick zai shirya Gone with the Wind, yayin da 'yan matan Hollywood ke turmutsutsun neman fitowa a Scarlett, babbar jarumar fim ɗin, ita Melanie ta nema, mai haƙurin nan da kowa ke ɗauka ba ta san komai ba alhali ta fi kowa gani. Jack Warner ya ƙi ba da ita aro. Sai ta bi ta hanyar da mutanenmu ma suka sani, ta gayyaci matarsa Ann shan shayi ta kai kukanta. Uwargida ta yi magana, maigida ya sauko.

Zan ɗan tsaya a nan, domin wannan fim ba ya wucewa a wajena ba tare da na ce wani abu ba. Fim ne mai ƙayatarwa, amma ya yi wa zamanin bauta a kudancin Amurka kwalliya, ya nuna bayi kamar masu jin daɗin halin da suke ciki. Da aka yi bikin fara nuna shi a Atlanta a Disambar 1939, baƙaƙen fatar da suka fito a cikinsa ba su halarta ba saboda dokokin wariya. A Fabrairun 1940 Olivia ta shiga takarar Oscar ta mataimakiyar jaruma, sai Hattie McDaniel, wadda ta fito a baiwar gidan, ta doke ta, ta zama baƙar fata ta farko da ta ci kyautar. Hattie, wadda iyayenta da kansu an taɓa bautar da su, a wani ɗan tebur na gefe aka zaunar da ita a daren, ba tare da abokan aikinta ba. Olivia ta sha faɗa a hirarrakinta cewa ta yi kuka a daren, daga baya kuma ta gane girman abin da ya faru ta yi murna da shi. Na kawo wannan ne saboda kalmar bauta da ɓangaren Davis ya yi amfani da ita. Ni ba na kiran kwantiragin Hollywood bauta. Danniya ce, ƙwarai kuwa, amma mace mai karɓar dala dubu a mako tana faɗa ne a kan wane fim za ta yi, Hattie kuwa ko ta yi gardama babu abin da za a miƙa mata sai rigar 'yar aiki.

Mu koma. Olivia ta dawo Warner tana zaton yanzu za a dube ta da wani ido. Sai aka sa ta a wani fim inda sunanta ya zo na uku, tana yi wa Bette Davis 'yar rakiyar fada. Ta fara cewa a'a, aka fara dakatar da ita. Abin da ya ƙara mata takaici shi ne duk aikin kirkin da ta yi, a aro ta yi shi. A 1941 ma a Paramount ta yi fim ɗin da ya kai ta takarar Oscar ta babbar jaruma, kuma wadda ta doke ta a wannan karon ita ce ƙanwarta, da ke amfani da sunan Joan Fontaine. Ta daure tana ƙirga kwanaki. Da 1943 ta zo ta ɗauka ta gama, sai aka sanar da ita cewa kamfani yana bin ta mako 25, kusan wata shida, na lokutan da ta yi a dakace.

Kowa a garin ya ɗauka haka abin yake, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Amma wani lauya mai suna Martin Gang ya nuna mata wani sashe a dokar ƙwadago ta jihar Kalifoniya, sashe na 2855. Asalinsa tsoho ne. Tun 1872 jihar ta yi dokar cewa ba za a tilasta wa ma'aikaci kwantiragin aikin ƙashin kansa fiye da shekara 2 ba, daga baya aka mayar da shi 5, a 1931 aka kai shi 7. Dokar tana nan kowa yana gani, sai dai lauyoyin kamfanoni suna fassara ta da shekara 7 na aikin da aka yi a zahiri, ban da ranakun dakatarwa, kuma babu ɗan wasan da ya yi ƙarfin halin kai wannan fassara gaban alƙali har ƙarshe. An ce ta karanta sashen da kanta ta ga maganar a fili take. A watan Agustan 1943 ta shigar da ƙara tana neman kotu ta bayyana cewa kwantiragin ya daina ɗaure ta.

A nan amsar tambayarki take, Malama. Davis ta bar aiki ne a tsakiyar wa'adi, ta je ƙasar da babu dokar da ta ƙayyade shekaru, tana roƙon alƙali ya ga rashin adalcin alƙawarin da ta ɗauka da hannunta. Kotun Ingila kuwa ba ta saba warware alƙawarin baligi don kawai ya yi masa tsauri ba. Olivia ta jira sai da shekara 7 ta cika cif, ta tsaya a jiharta, ba ta ce a tausaya mata ba, ba ta ce kwantiragin zalunci ne ba. Tambaya ɗaya ƙarama ta ajiye a gaban kotu: shekarar da majalisa ta rubuta, ta kalanda ce ko ta aiki? Ɗaya ta kai kuka, ɗaya ta kai sashe da lamba. Ba wai Olivia ta fi Davis jarumta ba ne, kuma su biyun aminai ne har tsufa. Ta dai ga ramin da yayarta a sana'a ta faɗa, ta kauce masa.

Babbar kotun Los Angeles ta ba ta gaskiya. Warner ya ɗaukaka ƙara. Ranar 8 ga Disamba, 1944, kotun ɗaukaka ƙara ta Kalifoniya, ta bakin mai shari'a Clement Shinn, ta tabbatar da hukuncin. Ta ce shekara 7 tana nufin shekara 7 ta kalanda daga ranar da aka fara aiki, da majalisa na nufin wani abu daban da ta rubuta shi. Kamfanin ya kawo wata hujja mai ƙarfi: ai ita da kanta ta sa hannu ta yarda a riƙa ƙara mata makonnin dakatarwa, ta yafe haƙƙinta ke nan. Amsar da kotu ta bayar ita ce wurin da nake so ki ja wa layi. Ta ce wannan doka an yi ta ne don amfanin jama'a baki ɗaya, domin ma'aikaci ya samu damar sauya wurin aiki idan ƙwarewarsa ta ƙaru ko halin rayuwarsa ya canza, kuma dokar da aka kafa don jama'a mutum biyu ba za su shiga ɗaki su yarda su soke ta ba. In da ana iya yafe ta, da kowane mai ɗaukar aiki ya sa sharaɗin yafewar a takardarsa, dokar ta zama fanko. Farkon 1945 kotun ƙolin jihar ta ƙi sauraron kamfanin, magana ta ƙare. Har yau a Hollywood ana kiran wannan sashe dokar de Havilland.

Kada ki ɗauka abin ya zo mata da sauƙi. Jack Warner ya aika wa sauran kamfanoni saƙo cewa har yanzu tasa ce, babu wanda ya kuskura ya ɗauke ta. Ta yi kusan shekara 2 ba ta tsaya gaban kyamara ba, tana tsakanin shekara 27 da 28, lokacin da ake ganin tauraruwar mace ta fi haske. Ta kashe kimanin dala 13,000 na aljihunta. Da ta faɗi, da wataƙila shi ke nan. Lokacin yaƙin duniya na biyu ne, sai ta ba da lokacinta ga ziyarar sojojin Amurka a asibitoci, daga tsibiran Aleutian masu tsananin sanyi har kudancin tekun Pasifik, inda ciwon huhu ya kwantar da ita a wani asibitin soja. Su ma 'yan wasan da suka tafi yaƙi sun ci moriyar hukuncin, domin ya toshe hanyar liƙa musu shekarun soja a ƙarshen kwantiragi. Mai bin ƙwallo zai tuna da Jean-Marc Bosman, ɗan Beljiyam ɗin da shari'arsa ta 1995 ta ba 'yan wasa damar tafiya kyauta idan kwantiraginsu ya ƙare. Bambancin shi ne Bosman ya ci shari'a ya rasa sana'a, Olivia kuwa sai bayan shari'ar ta yi aikin da ake tunawa da ita.

Wannan shi ne abin da ya fi burge ni. Da ta samu 'yanci sai ta nuna cewa duk gardamar da take yi ba ta girman kai ba ce, ta san abin da take so. A fim ɗin To Each His Own na 1946 ta fito a matar da ta haihu ba aure, ta rabu da ɗanta, ta yi kusan shekara 30 tana hangensa daga nesa. Ta ci Oscar. A 1948 ta yi The Snake Pit, labarin wata matar aure da aka kwantar a asibitin masu taɓin hankali na gwamnati. Kafin a fara ta riƙa zuwa asibitin Camarillo tana zama da marasa lafiya, tana kallon yadda ake yi musu magani, ta kuma yarda a nuna ta ba kwalliya, gashi a hargitse, abin da tauraruwar zamanin ba ta yi. Sai fim ɗinta na 1949. Tun kafin nan ta ga wani wasa a dandamalin New York, ta kira darakta William Wyler da kanta ta ce ya zo ya gani. Fim ɗin da ya fito daga nan shi ne The Heiress, kuma in za ki kalli guda ɗaya tak a cikin finafinanta, shi za ki kalla. Ta fito a 'yar wani likita mai kuɗi, yarinya mai kunya wadda ubanta ya raina, wani kyakkyawan saurayi ya yaudare ta don dukiya, ya gudu da ya ji za a hana ta gado. Ki saurari muryarta. A farkon fim siririya ce mai rawa, a ƙarshe ta koma ƙasa ta yi sanyi kamar ƙarfe. Da saurayin ya dawo bayan shekaru, ta sa aka kulle ƙofa, ta ɗauki fitila ta hau bene yana ta bugu yana kiran sunanta. Na kalli wannan wuri ban san iyaka ba, kuma kullum sai na tuna da karin maganar nan, raina kama ka ga gayya. Oscar ta biyu ke nan a cikin shekara 3. Babu ko ɗaya daga finafinan nan da Warner ya shirya.

Gaskiya ita ce ba ita kaɗai ta rushe tsohon tsarin ba, kuma ba na son a ƙara mata abin da ba nata ba. A 1948 kotun ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar gwamnati da Paramount da sauran manyan kamfanoni, wanda ya kai ga raba su da gidajen sinimansu. Talabijin ya shigo ya kwashe 'yan kallo. Wakilan 'yan wasa suka yi ƙarfi, har a 1950 James Stewart ya karɓi kaso daga ribar fim maimakon albashi. Nata shi ne ta fara ɓalle bulo daga katangar, kuma ta cikin gida.

Batun ƙanwarta zan taƙaita, don an cika zuzuta shi. Su kaɗai ne 'yan ciki ɗaya da kowannensu ya ci Oscar ta babban matsayi. Sun taso suna kishin juna a wajen uwa. A daren Oscar na 1947 mai hoto ya kama Olivia tana juya wa Joan baya lokacin da ta zo taya ta murna, saboda wata magana mai zafi da Joan ta yi a kan mijin Olivia. Sun riƙa shiryawa suna ɓatawa, har rasuwar mahaifiyarsu a 1975 ta raba su. Joan ta rasu a Disambar 2013. Abin baƙin ciki ne, kuma ban ga ribar zaɓen ɓangare a faɗan 'yan'uwa ba.

Olivia ta auri marubuci Marcus Goodrich a 1946, suka haifi ɗa namiji, Benjamin, wanda ya riga ta rasuwa a 1991. A 1955 ta auri Pierre Galante na mujallar Paris Match, suka haifi mace, ta koma birnin Faris da zama har ƙarshen rayuwarta. Ko bayan sun rabu, ita ta yi jinyarsa a ciwon ajali. A 1965 ta zama mace ta farko da ta shugabanci alƙalan bikin finafinai na Cannes. Ta ci gaba da fitowa jefi-jefi har 1988. Amurka ta ba ta lambar girma ta fasaha a 2008, Faransa ta ba ta tata a 2010, Sarauniyar Ingila ta ba ta muƙamin Dame a 2017 ana saura makonni ta cika 101.

A 2017 ɗin ne kuma ta sake komawa kotu. Tashar FX ta yi wani shiri a kan gabar Bette Davis da wata 'yar fim, Joan Crawford, aka sa Catherine Zeta-Jones ta fito a matsayin Olivia, aka sa mata kalaman gulma da zagi a baki waɗanda ta ce ba ta taɓa furtawa ba, kuma ba a nemi izininta ba. A wannan karon ta faɗi. Kotun ɗaukaka ƙara ta Kalifoniya ta ce a Maris 2018 'yancin faɗin albarkacin baki ya kare masu shirin, kotun ƙolin Amurka kuma ta ƙi sauraronta a Janairun 2019. Ina ganin ta fuskar doka kotu ta yi daidai, in ba haka ba babu mai iya shirya fim a kan mutum mai rai. Amma na fahimci zafinta, mace ce da ta yi shekara 80 tana tsare bakinta. Ta rasu a gidanta na Faris ranar 26 ga Yuli, 2020, tana da shekara 104.

Tunda lauya za ki zama, ga gargaɗi. Hukuncinta ya tsaya ne a kan rubutacciyar dokar jiha ɗaya, don haka ba za ki ɗauke shi ki kafa hujja da shi a inda babu irin wannan sashe ba. Na Nelson kuwa ƙa'ida ce da kotunan da suka gaji shari'ar Ingila suke dubawa, har da namu, shi ya sa shi ke cikin manhajarku, nata ba ya ciki. Ko a Kalifoniyar ma an rage masa kaifi a 1987, lokacin da kamfanonin waƙa suka sa aka ƙara wani sharaɗi da ya ba su damar neman diyya daga mawaƙin da ya tafi bai cika adadin faifan da ya yi alƙawari ba. Duk da haka yana aiki. Jared Leto da ƙungiyarsa ta waƙa sun dogara da shi a rigimarsu da kamfanin EMI da ta ɓarke a 2008, kuma daga baya ya je Faris ya gaishe ta.

Idan za ki nemi hukuncin ki karanta, kuma ina ba ki shawara ki karanta shi don gajere ne kuma a sarari yake, ki rubuta sunanta da harafin l guda ɗaya, De Haviland. Haka aka yi kuskuren rubuta shi a takardun kotu, kuma haka ya zauna a kundin shari'o'in Kalifoniya na 1944.